Wai akwai tallafin gwamnati na sayen batirin sola a nan Najeriya?

Abban_Nana, Arkilla

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah tambaya gare ni ga masu sanin harkar sola. Ina da faranti huɗu bisa rufi da inbata da batir biyu irin tubula ɗin nan masu shan ruwa, to batiran sun gaji, da rana komai lafiya lau firji na aiki fanka na juyawa amma da dare ya ɗan yi nisa sai inbata ta fara kuka, kafin ƙarfe ɗaya ta ɗauke gaba ɗaya, ga zafin nan na bazara, yara su farka jiƙe sharkaf da zufa mu fito tsakar gida da tabarma sauro kuma ya ce bismillah. Na je kasuwa na tambayi kuɗin na litiyom, wallahi gwiwata ta yi sanyi.

Shi ne wani abokin aikina ke ce min a Ostireliya gwamnati ke biyan wani kaso na kuɗin batir, kuma ya turo min wani shafi a WhatsApp wai gwamnatin tarayya ita ma ta buɗe nata, a cike fom a biya kuɗin rajista. Gaskiya ne? In jira ko in yi ta maza in saya?

Injiniya_Mabera

Wa alaikumus salam Malam. Na Ostireliya gaskiya ne, tun 1 ga Yuli 2025 suka fara, ana rage wa mutum kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin batir in dai yana da sola ko zai sa tare, kuma ba a hannu ake ba ka kuɗin ba, a wurin mai haɗa maka ake cire shi daga farashi, da sharaɗin shi mai haɗawar yana da lasisi kuma batirin yana cikin waɗanda hukuma ta amince da su. Amurka ma sun yi irin nasu na kashi 30 ta hanyar rage haraji amma an rufe shi a ƙarshen 2025. Jamus kuwa harajin VAT suka cire wa faranti da batir tun farkon 2023, Ingila ta cire wa batir a Fabrairun 2024.

Nan gida tsarin daban ne. Babban shirin da ake da shi sunansa DARES, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disamban 2023, hukumar REA mai kula da wutar karkara ke tafiyar da shi, burinsu wuta ta kai ga mutum miliyan 17.5. To amma kuɗin kamfanoni ake ba, masu gina ƙaramar tashar sola a ƙauye da masu sayar da ɗan ƙaramin sola na gida irin mai ƙwai kaɗan da fanka da wurin cajin waya, sai sun kai wa mutane an tabbatar sannan a biya su, shi ya sa farashinsa ke sauka. Kai da ke da inbata a cikin gari kana neman canza batir, ba kai aka nufa da shi ba. Shawarata kar ka jira.

Maman_Sadiq, Runjin Sambo

Abban Nana don girman Allah kar ka cike fom ɗin nan. Wata maƙwabciyata ta cike irinsa, suka nemi BVN da lambar katin banki da lambar da ake turowa ta waya, kafin la'asar an kwashe ɗan jarin da take juyawa na sayar da ƙanƙara, har yau in ta tuna sai ta yi hawaye. Tallafin gaske ba ya fara da kai ka biya. Ni nawa batirin da adashi na saye shi, na roƙi uwar adashi ta ba ni kwasar farko saboda azumi ya gabato lokacin, kuɗin zoɓo da kunun aya da ƙanƙara suka biya zubin.

Ɗan_Illela

Ni abin da ka ban haushi cikin wagga magana, mi ya hana a yi muna irin nasu? Tun ran 29 ga Mayu 2023 da anka cire tallafin mai janareta ta gagari talaka, anka ce kuɗɗin za su dawo ga jama'a. Ku tuna Oktoban 2024 da arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, wa ya tsira in ba mai sola ba, masu cajin waya da masu ruwan sanyi su sunka riƙe gari. Kuma rana Allah ya ba mu ita kyauta, nan Sakkwato muna cikin wuraren da sunka fi ko'ina samun rana ƙasar ga. Tun 2023 doka ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, to ko ma'aikata da malaman makaranta a fara da su mana, jiha ta biya wani kaso a riƙa cire sauran ga albashi kaɗan kaɗan. Ba kyauta muka roƙo ba, sauƙi muka nema.

Injiniya_Mabera

Ɗan Illela maganarka tana kan hanya, ni ma ina goyon bayan a yi. Amma mu gane dalilin da ya sa su suke biya. A Ostireliya kusan gida ɗaya cikin uku yana da sola a rufi, da rana tsaka wutar da gidaje ke turawa cikin layi har ta yi yawa, da magariba kuma kowa ya dawo gida ya kunna kaya rana ta faɗi sai layi ya shiga matsi. Batirin gida yana adana ta rana ya sake ta da dare, kenan gwamnati ta huta da gina sabbin tashoshi, ribarta take nema. Mu nan batirinmu ba taimakon layi yake ba, shi ne madadin layin gaba ɗaya. In za a yi mana tallafi hujjarmu ita ce rage ƙona fetur da raya ƙananan sana'o'i, kuma ni a ganina hanya mafi tsafta ita ce a sauƙaƙa harajin shigo da batir mai inganci, don wannan kowa zai gani a farashi ba sai ka san wani a ofis ba.

Abban Nana mu dawo kanka, bari mu yi lissafi. In batiranka 12V 200Ah ne, biyun sun kama 4.8kWh a rubuce (kWh ma'aunin yawan wuta ne, ɗaya daidai da wat dubu na awa ɗaya), amma tubula rabi kawai ya kamata a sha in ana son ya yi ƙarko, wato 2.4. Fankar sama ta gargajiya tana cin wajen wat 75, guda uku na awa goma 2.25kWh kenan, ka ga fanka kaɗai ta cinye batir ko da sabo ne, ba a zo maganar firji ba. Shi ya sa da yawa ake zagin batir alhali kaya ne suka fi ƙarfinsa. Fanka mai DC, wato irin ta zamani mai tsimin wuta, ba ta kai rabin haka ba, canza su ya fi sayen ƙarin batir araha nesa ba kusa ba. Firji kuma ka bar shi ya yi sanyinsa da rana ka kashe da dare, in ba a yawan buɗewa yana riƙewa har safe.

Sai zafi, wanda shi ne babban maƙiyin batir a garin nan. Ana auna ƙarkon tubula ne a kan digiri 25, duk ƙarin kamar digiri goma rayuwarsa na raguwa da kusan rabi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu sama da 40 muke gani. Na sha shiga gida in tarar an cusa batir a ɗan sito mai rufin kwano ba taga, ka ɗora hannu a jikinsa ka janye da sauri, ka buɗe murfi ruwa ya ƙafe har farantan ciki sun fito fili, wani ma ruwan rijiya yake zubawa maimakon tataccen ruwan batir. Kuma lokacin hunturu ƙura na rufe faranti, batir ba ya cika, kullum yana kwana da yunwa, a haka yake mutuwa a hankali. A riƙa gogewa da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Malam_Gidan_Igwai

Ƙarin bayani kaɗan, akwai hukumar CREDICORP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, suna da wani tsari da ya shafi sola da mayar da mota mai amfani da gas, amma bashi ne ta hannun bankuna ba kyauta ba, za ka biya. Kafin ka sa hannu ka tambaya ko akwai kuɗin ruwa a ciki. In akwai, ka leƙa bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa ka ji ko za su saya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, wato murabaha. Ka je da ƙafarka, ban da ta hannun dillali.

Abban_Nana, Arkilla

Allah ya saka da alheri baki ɗaya, Hajiya na goge shafin kuma na gaya wa wanda ya turo min. Injiniya batiran nawa 200Ah ne kamar yadda ka ce, kuma fanka uku ce daidai. To in zan koma litiyom wane girma zan nema, kuma zan iya haɗa shi da tsofaffin don su taimaka masa?

Injiniya_Mabera

A'a Malam kar ka haɗa su, cajinsu ba iri ɗaya ba ne, tsofaffin ka sayar wa masu sayen mataccen batir ka cika kuɗi. Tunda biyu ne da alama inbatarka 24V ce, in haka ne sai ka nemi batirin litiyom irin wanda ake kira LiFePO4 mai 25.6V. Na 100Ah zai ba ka kusan abin da tubula biyun ke ba ka suna sababbi don shi ana shan kashi 80 zuwa 90 nasa, in ka canza fankoki ya ishe ka kwana. Na 200Ah ya fi amma sai ka tabbata farantanka za su iya cika shi. Ka karɓi takardar garanti a rubuce da hatimin shago, kuma ka duba ko inbatar tana da saitin cajin litiyom don tsofaffi da yawa ba su da shi. Ɗauko hoton takardar da ke manne a gefenta da ta bayan faranti ɗaya ka sa a nan mu gani.