Miyar fromaji tana tsinkewa, mai yana tasowa sama

Assalamu alaikum ƴan uwa masu girki. A wannan ɗarin na Maradi makaroni da miyar fromaji nake son yi da dare, amma miyar ta ƙi haɗuwa.

Ina narka man shanu cokali 2, in zuba fulawa cokali 2, in juya minti 2 har warin ɗanyen gari ya tafi. Sai madarar gari da na dama da ruwa, rabin lita, ina zubawa kaɗan-kaɗan ina juyawa. Har nan lafiya lau, tana yin kauri sumul, tana kama bayan cokali. Da zarar na zuba fromaji mai tauri da na gurza, giram 150, sai ta tsinke kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Mai rawaya ya taso sama, ƙasan tukunya kuma ya yi danƙo.

Na rage gawayi a murhu, bai hana ba. Na ƙara fulawa, sai ɗanɗanonta ya danne na fromajin. Cukun kasuwa kuwa, ko an jiƙa an daka, ba ya narkewa, tsaki-tsaki yake zama. Fromaji mai laushi ɗin nan mai kusurwa uku yana narkewa lafiya, sai dai miyar tana fitowa salam, ba ƙamshi.

Don Allah, bayan na sauke tukunyar daga wuta, minti nawa zan bari ta huce kafin in zuba fromaji mai taurin don kada ta tsinke?