Don Allah a taimaka, zogalena na ta zubar da ganye

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Saudiyya, wanda ya san harkar shuka ya agaza min. Ina Jidda, na shuka zogale da yakuwa da na'a-na'a a saman bene cikin bokitan fenti da na huda gindinsu, ƙasar ta buhu ce na cakuɗa da yashi kaɗan. Ruwan da ke ɗiga daga esi nake ba su, da yake garin nan akwai laima jarka cika take kullum, kuma wallahi ba na son ganin yana zuba a banza.

Na'a-na'ar lafiya lau, amma zogalen sai ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa ya zube, ita kuma yakuwar bakin ganyenta ya ƙone. Ina janye su inuwa da azahar, shiru ba canji. Wani maƙwabcina ya ce ruwan esi ba shi da sinadaran da shuka ke buƙata sai na ƙara taki, to wane iri, kashin tumaki ko na kanti? Kuma anya bokiti zai ishi saiwar zogale, ko in nemo durom? Yarana ba su taɓa cin kwaɗon ɗanyen zogale ba, sai busasshen da ake aiko mana daga gida.