Kalma ɗaya, abinci daban: abin da ya same mu a kantunan Turai

Maman Ummi, Oslo: Salamu alaikum 'yan uwa. Watana uku da zuwa Norway, na riga na haddace cewa jam ɗin da yara ke shafa wa burodi "syltetøy" ake ce masa. Rannan na hango wani abu a firjin kanti an rubuta "sylte", na ce ai ƙaninsa ne, na jefa a kwando. Wata dattijuwa 'yar Somaliya ce ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yar nan, kan alade ne aka dafa ya daskare, na Kirsimeti." Jikina har rawa yake. Akwai wanda ya taɓa faɗawa irin wannan?

Baban Khalifa, Hambug: Hajiya, Allah ya kyauta. A nan Jamus "Sülze" ne sunansa, a Holan "zult". Malaminmu na Jamusanci ya ce duk dangin kalmar gishiri ne, tun ana tsoma abinci a ruwan gishiri don kada ya lalace. Daga baya ta rabu biyu. A Suwidin "sylt" jam ne, "sylta" kuma naman nan. Harafi ɗaya fa!

Anti Rabi, Rotadam: Ni "pekel" ce ta ruɗe ni. Na saba da "pickle" na Turanci, kokwamba mai tsami, sai ga "pekelvlees", ashe nama ne. Namu na Holan galibi na saniya ne, amma na Jamus, "Pökelfleisch", ku tambaya tukuna.

Ɗan Fagge, Tromso: Ku naku da sauƙi. Busasshen kifin nan da Inyamurai ke sayarwa a Sabon Gari, okporoko, daga nan Norway yake tafiya, har da kawunansa. Na je ina neman "stockfish", ashe su "tørrfisk" suka fi cewa. Rataye shi ake yi a katako a tsibiran Lofoten daga Fabrairu zuwa Mayu, iska da sanyi kawai, ba gishiri. Ni kuwa na ɗauko "klippfisk" don ya fi faɗi da kyan gani. Shi da gishiri ake busar da shi, sai ya kwana a ruwa ana sauyawa. Ban jiƙa ba na zuba a miyar kuka. Loma ɗaya abokin ɗakina ya yi, ya ajiye cokali, ya tambaye ni ko da ruwan teku na yi miyar.

Maman Ummi: Ɗan Fagge, to miyar fa?

Ɗan Fagge: Da kuɗina na sayi kifin, Hajiya. Kwana uku ina ƙara ruwa.