Folish ɗin mota: guga ce ko shafe?

Jama'a, salamu alaikum. Kalma nake nema. Ƙanena ya buɗe wurin wankin mota, ya tara kuɗi ya sayi injin goge fenti, ya ba mai rubutun allo aiki. Allo ya dawo ɗauke da "Wanki da Folish". Na ce masa folish ɗin me? Ya ce, "Yaya, ai kowa ya gane." To abin da kowa ya gane ɗin nan shi ne ya hana ni sakat.

Yawancinmu a bakin mai goge takalmi muka fara jin folish, daga ɗan gwangwanin Kiwi, wanda aka soma yi a Ostareliya tun 1906. Abin da ke cikin gwangwanin kaki ne da rini. Ana lakata, a shafa, a bi da buroshi. Saboda haka kunnen Bahaushe in ya ji folish, shafe yake ji, wato an ƙara wa abu wani abu a kansa. A jikin mota kuwa abin da Bature ke kira polish ragewa yake yi. Mai ne da ke ɗauke da gari mai laushi ƙwarai, yana cin saman fenti kaɗan-kaɗan har karce ya baje. Wanda ake shafawa ya zauna a kai shi ne wax. Aiki biyu ne, ɗaya ci ɗaya ƙari, mu kuma mun zuba su a kwano ɗaya.

In kana ganin gardamar 'yan boko ce, ga lissafi. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sai fata ta sama marar launi, wadda ita ce ke ba da ƙyalli kuma take tare rana. Duka a haɗe ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Fatar saman ita kaɗai wajen maikuron 40 zuwa 50 ce, kusan rabin kaurin takardar rubutu. Duk lokacin da inji ya bi ta kanta, sai ya tafi da wani abu, kuma ba ta tofowa. Mutumin da ke cewa a yi masa folish duk wata yana zaton kula yake yi da motarsa.

Ni ganau ne. Shekarun baya na kai wata baƙar mota wani wurin wanki na ce a yi mata folish, nufina a shafa mata abin da zai sa ta yi sheƙi zuwa ɗaurin aure. Yaron ya ɗauko inji, a tsakar rana, ya danna a gefen bonet. Ina tsaye na ga soson ya fara yin baƙi. Na ce masa tsaya, ya ce datti ne ke fita. Ashe ya huda fatar sama ya shiga launi. Sai da aka sake fesa wurin. Ban iya yi masa faɗa sosai ba, don abin da na faɗa da bakina shi ya yi.

To, kalma biyu nake nema. Bismillah.

Wani malamin makaranta: Malam, me ya hana mu ce sheƙi kawai? "Sa wa mota sheƙi." Kalmar gida ce, yaro da babba sun san ta.

Ranka ya daɗe, sheƙi sakamako ne. Wanki ma yana kawo sheƙi, ruwan sama ma yana kawowa kafin ya bushe. Akwai masu shafa wa taya da jikin mota baƙin mai ko man gas kafin a kai ta kasuwa, ita ma sheƙi take yi, kwana biyu ƙura ta manne. In mai mota ya ce sheƙi yake so, bai faɗa wa ma'aikaci ko ya ci fenti ko ya bar shi ba. Mun koma gidan jiya.

Wani ɗan Kano: Ku tuna da bugu mana. Shadda da turkuɗin Kura ba da bugu suke samun ƙyalli ba? A ɗora a kan gungume a yi ta dukansu da ƙatuwar tabarya har su riƙa ɗaukar ido. Ai kalmar ƙyalli ta sana'a muna da ita tun kaka da kakanni.

Wallahi kalmar ta burge ni, amma ka rubuta "Bugun Mota" a allo ka ga wanda zai tsaya. Wani zai ɗauka asibitin waɗanda mota ta buge ne, wani ya ɗauka masu buga bodi ne. A bar wa masu shadda kayansu.

Wata Hajiya daga Maiduguri: Ku maza kuna ta wahala. Abin nan ai dilka ce. Amarya in za a gyara ta, sai a murza mata dilka ta kwashe mataccen fata, jiki ya yi sumul, daga baya a bi da mai da turare. Ba wanda ke rikita dilka da man shafawa. Kuma ba a yin ta kullum, in ba haka ba fata ta saɓule. Ku ce dilkar mota ku huta.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, duk zaren nan ba wanda ya kama ma'anar kamar ke. Har jerin aikin kin kawo daidai: murza tukuna, shafe daga baya. In za a koya wa sabon yaro aiki, da misalinki zan fara. Tsorona ɗaya ne, direban tirela ba zai buɗe baki a tasha ya ce zai kai motarsa dilka ba, abokansa sai sun kashe shi da tsiya. Na so in ɗauki "gyaran jikin mota" ma daga wurinku, sai na tuna masu gyaran bodi sun riga mu.

Wani dattijo, direban tanka: Ɗana, mu dai tun muna yaran mota guga muke cewa. A goge tanki, a goge wili. Tankin man da ke gefen kan mota da wilin da suke na alminiyam ba fenti a jikinsu, ƙarfen ne tsirara. In ya sha rana da ruwa sai ya yi fari-fari ya dushe. Kana sa masa mai kana murzawa, tsumman zai koma baƙi ƙirin, kamar yadda mata ke cuɗa tukunya da toka. Ka ci gaba har ka ga fuskarka a ciki. Wannan baƙin ba datti ba ne, ƙarfen ne ke fita. Kuma ka gaya wa ƙanenka, babbar mota ba a yi mata gaba ɗaya. Gefen doguwar bas sai a raba shi gida-gida, kamar kamu biyu-biyu, a inuwa, daga sama a sauko. In ya shafe gefe guda a rana, kafin ya kai ƙarshe farkon ya bushe ya zama masa aiki.

Baba, na gode, Allah ya ja kwana. Na tsaya a kan gugar nan taka tun jiya. Da farko na ƙi ta saboda gugar tufafi, kada a ce dutsen guga za a ɗora wa mota. Amma da na juya ta, sai na ga asalin kalmar yana tare da kai. Goga abu shi ne murza shi da wani. Igiya tana goga bakin rijiya har ta yi masa gurbi. Taya ta goge, wato ta cinye. Tsabar kuɗi ta goge har rubutunta ya ɓace. Kuma gogaggen mutum shi ne wanda duniya ta murza har ya yi kyau. Kalma ɗaya ta ɗauko ci da kyau tare, abin da polish ke nufi ke nan a jikin fenti. Wanda ya ji "gugar fenti" zai ji a jikinsa cewa wani abu na raguwa.

Washi ma ya zo mini, don shi ma cin ƙarfe yake yi, amma kaifi yake nema, mu laushi muke nema.

Gugar ma hawa biyu ce a wurin masu sana'ar. Akwai mai kaushi, wadda ake fara yi wa fentin da ya koɗe ko ya sha karce, akwai mai laushi da ke share sawun ta farko. Ina ganin gurza ta dace da ta farko, guga ta zauna wa ta biyu. In kuna son ganin abin da ake gogewa, ku haska fitilar waya a ƙofar baƙar mota da daddare. Za ku ga zare-zare sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Yawanci sawun busasshen tsumma ne da aka share ƙurar hunturu da shi, don ƙurar nan yashi ce. Irin wannan guga na fitarwa. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki kuwa ya yi zurfi, sai mai fenti.

Wani ɗan Maraɗi: Mu nan takardun kayan da Faransanci suke zuwa, kuma su sun raba. Polissage daban, lustrage daban, cire kuma shi ne kakin. Amma a bakin masu wanki duk a cakuɗe suke kamar naku. Guga ta yi mini. Saura na biyun.

Na biyun ai kamar yana da sauƙi: wax kaki ne. Sai dai kaki a Hausa uku ne. Ga na zuma, ga na soja, ga wanda mai tari ke tofarwa. Ƙanena da na ce ya rubuta "Shafa Kaki" dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ba mai kawo motarsa a shafa mata majina.

Wani mai sayar da zuma: Malam, sai ku ce kakin zuma, magana ta ƙare. In ma ana so ina da shi buhu-buhu.

Alhaji, kasuwa kake nema, na gane ka. Amma za mu yi wa mutane ƙarya. Kakin zuma yana narkewa a zafin digiri 62 zuwa 64, rufin baƙar mota kuwa a ranar Afrilu yana iya wuce haka. Shi kaɗai zai yi laushi ya kama ƙura. Kakin da ake taƙama da shi a wannan sana'a sunansa karnuba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya da goruba ake samunsa, a arewa maso gabashin Barazil. Bishiyar tana fitar da shi ne don kare ganyenta daga zafi da bushewa. Ana yanko ganyen a shanya, a kakkaɓe garin, a narkar. Sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 yake narkewa. Da taurinsa ba ya shafuwa, dole a sassauta shi da mai da wasu kakin, wani lokaci har da na zumar. Shi ne kuma ake sa wa wasu alewa da ƙwayoyin magani su yi santsi, wataƙila yau ma wani a cikinmu ya haɗiye shi.

Don haka "kakin mota" nake gani. Da an jingina shi da mota, soja da mai tari sun fita. Aikin kuma shafen kaki, kamar yadda muke cewa shafen ɗaki. Danƙo ma an kawo mini ta saƙo, amma danƙo kama abu yake yi, wannan kuwa aikinsa ya hana abu kamawa. Gwajinsa a fili yake: watsa ruwa a bonet. In akwai kaki, ruwan zai dunƙule ya gangara kamar a ganyen gwaza. In ya baje ya kwanta, kakin ya tafi. A irin ranarmu, da sabulun garin da ake wanki da shi, makonni kaɗan yake yi. Shi za a iya maimaitawa ko yaushe, ba ya cin komai.

Malamin makarantar nan ya dawo: To na yarda. Amma gwangwanin da aka haɗa biyun a ciki fa? Da kuma sabon nan da ake kira seramik?

Na haɗin yana nan a kanti, kaki ne da ɗan garin guga a ciki, sai a ce kaki mai guga, mai saye ya san yana ɗan ci. Seramik kuwa ruwa ne da aka yi da sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, in ya bushe sai ya yi tauri, yana kai shekara ko fiye. Na so in ce shafen gilashi, sai ƙanena ya ce za a ɗauka tintin ɗin taga ake nufi. Na bar wannan a buɗe, mai dabara ya kawo. Abin da dai na sani, ba a yin sa sai an yi guga, don duk karcen da ya rufe ya zauna ke nan.

Dattijon direba: Ɗana, ni dai folish ba za ta fita bakin mutane ba, kada ka wahalar da kanka.

Haka ne Baba, ban ce a kore ta ba. Mai mota ya zo ya ce folish, ba laifi. Abin da nake so shi ne yaron da ke riƙe da inji ya sami kalmar da zai tambaye shi da ita: "Alhaji, guga ko kaki?" Yau da safe ƙanena ya mayar da allon. Mai rubutu ya ce layi uku kuɗinsa ya fi na layi ɗaya, aka yi ciniki aka daidaita. Yanzu an rubuta Wankin Mota a sama, Gugar Fenti a tsakiya, Shafen Kakin Mota a ƙasa. Hajiya kuma ta aiko cewa in aka sa dilka a layi na huɗu, ita za ta biya.