Don Allah me za mu kira pollen da Hausa? Jibi zan shiga aji

Malamar Bayoloji: Salam 'yan uwa, jibi ina da darasi kan bado kuma kalmar pollen, wato 'yan ƙwayoyin nan masu kama da ƙura da ɓangaren namiji na fure ke fitarwa, ta tsaya min. So nake yara su gane yadda ƙwayar halitta ɗaya ke rabuwa huɗu a cikin fure, kowace ta yi ɓawo mai tauri ta zama ƙwayar pollen, kuma siffar ɓawon nan na cikin abin da ake gane dangi da shi. Na Nuphar, wani jinsin bado, tsaga ɗaya gare shi, na Nelumbo da mutane ke ɗauka bado ne tsaga uku, ashe ba dangin kusa ba ne sam.

Ɗan Fassara: Garin fulawa.

Uwar Biyu: A'a Malam, za su zaci fulawar kwaɓawa ce. Garin fure dai.

Mai Nazari: Ni na daɗe ina cewa maniyyin fure, aikinsa ke nan ai, kunya ce kawai ke hana mu.

Malamar Bayoloji: Ba kunya ba ce kaɗai Yaya, shi mazubi ne, ƙwayoyin namijin guda biyu daga cikinsa suke fitowa. In na kira shi maniyyi to su kuma in ce musu me?

Dattijo: Abin na min ciwo wallahi, muna da bununi, duk wanda ya ga gero ya fidda kai ya san shi, amma sai boko ya ba mu suna za mu yarda.

Ɗan Fassara: Ranka ya daɗe bununi ya haɗa har da 'yan furannin, kuma kalmar bayoloji ma aro ce, a ce folin a wuce wurin.

Dattijo: Aro sai in babu naka ɗana.

Mai Nazari: Gari kuma niƙa shi ake yi, wa ya niƙa wannan? Na badon nan Victoria ma a manne yake fita huɗu-huɗu, ina gari a nan?

Malamar Bayoloji: Lokaci ya ƙure min, ga labarin 'yan tsirran ruwan nan Hydatellaceae ban rubuta ba, waɗanda ake sawa cikin dangin ciyawa sai 2007 aka gano 'yan uwan bado ne. Zan sa garin fure, in ambaci bununi a farkon darasi.

Dattijo: To. Amma bununi ya kamata ya hau allo, ba a baki kawai ba.