Neman kalmar Hausa: sauri, da saurin da ya san inda ya dosa

Malamin kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan naɗi darasi da Hausa a wani gidan rediyo na nan Maradi, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Faransanci yana cewa vitesse, sai a sa vecteur a gabanta idan ana nufin har da inda abu ya dosa, Ingilishi kuwa ya raba su biyu, speed da velocity. Ga misalina. Mu ƙaddara ɗan kabu-kabu ya yi kilomita 20 a hanyar Madarunfa, ya juyo ya dawo inda ya tashi, duka cikin awa ɗaya. Kilomita 40 ya ci, wato 40 a awa. Amma a lissafi na biyu sifiri ya samu, domin babu tazara tsakanin mafarinsa da matsayarsa. Me zan kira na farko, me zan kira na biyu?

Mai fassara: Wa alaikumussalam. Na farko sauri ne, Malam, kada ka ce gudu, domin hawainiya ba ta gudu amma ana iya auna saurinta. Na biyu kuwa ka ce sauri mai alƙibla. Hanzari ka ajiye shi gefe, za ka buƙace shi ranar da ka zo darasin ƙaruwar sauri.

Tsohon malamin firamare: Ban yarda da alƙibla ba. Kalmar Larabci ce, kuma duk yaron da ya ji ta gabas zai duba. Muna da dosa a bakinmu, saboda haka na daɗe ina cewa madosa, kalma ɗaya tak, mai daɗin faɗi a rediyo.

Malamar lissafi: Baba, da girmanka, madosa wurin da aka nufa ne, kamar yadda mahaya take wurin hawa, babu sauri a cikinta ko kaɗan. Abin da Malam yake nema yana ɗauke da abu biyu, adadi da fuska. Motar da take kewaya shataletale da 30 a awa saurinta bai sauya ba, alhali abin da Malam yake nema yana sauyawa kowace daƙiƙa, tunda hancin motar yana juyawa. Kalmar da ba ta riƙe 30 ɗin nan ba ta bar rabin kayan a tasha.

Tsohon malamin firamare: Yarinyata, mahaya ai har masu hawa ake nufi da ita, kalma takan ɗauki ma'ana biyu. Abin da ya dame ni shi ne kullum sai mu zauna jiran abin da aka yanke a Kano, kamar Hausar Katsina da Gobir da muke yi ba ta isa ta haifi kalma ba.

Mai fassara: Ranka ya daɗe, babu wanda ya ambaci Kano. Idan kuma korar Larabci za mu yi, sai Malam ya naɗi darasinsa babu lissafi, babu lokaci, babu ita kanta kimiyya, domin duka ukun daga Larabci suka zo.

Tsohon malamin firamare: Waɗannan sun tsufa a gidanmu, sun zama ƴan gida.

Malamin kimiyya: Malamai, Alhamis tana ƙaratowa. Na gwada duka biyun a aji yau da safe. Da na ce alƙibla, wata yarinya ta tambaye ni ko motar da ta nufi Tahoua ba ta da ita, saboda haka Baba ya yi gaskiya a nan. Da na ce madosa, suka amsa mini da Madarunfa. Sai na rubuta sauri mai fuska a allo, na ba su kilomita 72 a awa fuskar kudu, suka raba da 3,6 suka sami mita 20 a daƙiƙa, kuma yawancinsu ba su yar da kudun ba.

Malamar lissafi: To ka riƙe shi, amma ka bambanta nisan da aka ci da tazarar da aka gusa tun a farkon shirin, in ba haka ba sifirin ɗan kabu-kabu zai zama musu tatsuniya.

Tsohon malamin firamare: Kalma uku ce inda ɗaya za ta yi. Ka yi da ita ranar Alhamis tunda lokaci ya ƙure, amma ni madosa tana nan a littafina, kuma zan saurari shirin.