Dusa zalla ba ta isar ɗan rago da aka yaye

A hirar masu kiwo a kasuwar dabbobi ta 'Yan Awaki da ke Unguwa Uku a Kano, an fi daɗewa kan ɗura wa ɗan rago dusa da zarar an yaye shi. Dusar alkama da ta masara sinadarin fosforas ya yi musu yawa, sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi kuma kaɗan, alhali ana so kalsiyam ya ninka fosforas sau 2. In aka saɓa, ƙashi ya yi laushi, ga tsakuwa a mafitsara, musamman ga dandaƙaƙƙe. Sai ka ga rago yana nishi, fitsari na fita ɗigo-ɗigo. Wannan kam a kira likitan dabbobi nan take.

Shawarar dattawan ita ce a yawaita harawar wake da ta gyaɗa, a rage dusa, a sa gishiri kaɗan, ruwa kuma kada ya yanke.